Ramin PHONO da ya cinye min lasifika

A bayan tsohuwar rediyon gida akwai ramuka jere, ja da fari, ja da fari, girmansu ɗaya, kuma fulogi ɗaya ne ke shiga kowannensu. Abin da ke ƙona min rai har yau shi ne masu ƙera waɗannan na'urori sun bar ramin PHONO, na garmaho, yana kama sak da na AUX, na haɗa sauran na'urori, alhali ɗayansu na iya halaka maka lasifika cikin 'yan daƙiƙu.

Aikin kansa ba wani abin a zo a gani ba ne. 'Yar na'urar MP3 ce nake so ta riƙa fita ta manyan lasifikun falo. Igiyar kowa ya san ta: kai ɗaya siriri mai milimita 3.5 da ke shiga ramin iyafis, ɗaya ɓangaren kawuna biyu na RCA, ja na dama, fari na hagu. Rediyon tana jingine da bango, don haka da lalube na soka a ramuka biyun da hannuna ya fara tarar da su. Na murɗa maɓallin zaɓi, CD shiru, TAPE shiru, AUX shiru, ina kai wa PHONO sai ɗakin ya ɗauka.

Ba waƙa ce ta fito ba, wani ruri ne mai kauri, muryar mawaƙin ta nutse can ƙasa, ganga kuwa ta koma tsawa. Da idona na ga takardar lasifikar hagu tana fitowa tana komawa kamar za ta tsinke daga bakinta. Kafin in kai hannu kan ƙara, warin ƙonewa ya fara tashi, irin na siririyar waya idan ta yi zafi. Tun daga ranar, duk sautin da ya yi ƙasa sai ta hagun ta yi ƙarar karce.

Mai gyara ne ya warware min zancen yana danna tsakiyar lasifikar da yatsu uku, ina jin tana gogar wani abu a ciki. Naɗin wayar da ke motsa takardar ne ya yi zafi ya kumbura. Ramin PHONO na garmaho ne kaɗai. Allurar garmaho ɗan sigina take bayarwa, kamar milibolt 3 zuwa 5, shi ya sa aka ajiye wata ƙaramar amfilifaya a bayan ramin da ke ninka shi kusan sau 100. Ita kuwa MP3 idan an ƙure mata ƙara tana iya fitar da rabin bolt ko ma bolt guda. Ka ga an ba mai ninkawa abin da ya riga ya cika ya batse.

Bai tsaya nan ba. A ƙa'idar RIAA, ƙungiyar kamfanonin faifai ta Amurka, ta 1954, lokacin yanka faifai ana rage bes a ƙara siririn sauti, don layukan faifan su yi ƙanƙanta, waƙa mai yawa ta samu wuri. Ramin PHONO ne ke mayar da abin daidai: ya ɗaga bes har kusan ninki 10 a can ƙasa, ya danne siririn sauti. Waƙar MP3 ba wanda ya rage mata bes, amma ramin bai san da haka ba, ƙara mata ya yi. Wannan ninki a kan ninki ne lasifikata ta haɗiya.

Sauran ramukan kuwa ba ruwansu. AUX, CD, TUNER, TAPE IN ko PLAY, duk ƙarfin sigina ɗaya suke jira, sunayen don kada ka rikice ne kawai. Idan babu AUX, soka a CD, lafiya lau. TAPE OUT ko REC fita ce, ba za ka ji komai ba, amma ba ɓarna. Na MIC shi ma tarko ne, sigina mara ƙarfi yake tsammani. Alamar PHONO mai sauƙi ita ce ɗan ƙusa mai murɗawa a gefensa da aka rubuta wa GND. Janyo rediyon daga bango, haska fitila, karanta rubutun da idonka. Nawa ramin yanzu na liƙe shi da salatif, tunda ba ni da garmaho.

Da ƙarar rediyon tana ƙasa a ranar, da abin ya tsaya a mummunan sauti kawai. A rabi take, inda ake barinta don jin tasha. Yanzu sai na mayar da ita sifili kafin in taɓa kowace igiya, in sa MP3 a wajen kashi uku cikin huɗu, in kashe duk wani ƙarin bes da ke cikinta, sannan in ɗaga rediyon a hankali. Idan ka bar MP3 can ƙasa kana ƙure rediyo, huci za ka riƙa ji a bayan waƙa. Idan ka ƙure MP3 ɗin kuma, wasu na'urorin sautinsu yakan fashe.

Bayan gyara na sake razana, don ina soka wa MP3 caja sai wani ƙugi ya taso, na ɗauka PHONO ɗin ya bar wata ɓarnar a ciki. Ashe wutar gida ce mai bugun 50 ko 60 a daƙiƙa ke samun hanya ta caja ta biyo igiyar sauti. Na zare caja, ɗif. Mai son caji yana sauraro sai ya canza caja, ko ya sa ɗan akwatin nan mai ƙananan taransifoma da ake haɗawa a tsakiyar igiyar, yana yanke ƙugin.

Rediyon da ba ta da rami ko ɗaya, akwai ƙaramar na'urar da ke watsa waƙa a zangon FM, tsakanin 87.5 da 108, sai ka nemo gurbin da babu tasha ka kama. Tana aiki, amma sautin bai kai na igiya ba, kuma tasha mai ƙarfi a kusa takan kutso. Mai karɓar Bluetooth ya fi ta tsafta, sai dai shi ma da kawunan RCA ɗin nan yake ƙarewa, kuma suna shiga PHONO tsaf.