Mun dasa wa Golf 3 injin dizal a ƙofar gida, ga yadda aikin yake

Tunda aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 kowa ya shiga neman mafita, wasu sun ajiye mota sun koma babur, wasu sun je an sa musu tukunyar iskar gas ta CNG a but, ni da ƙanina kuma muka sauke injin fetur ɗin Golf 3 ɗinmu muka dasa mata na dizal a nan ƙofar gida. Ana ta tambayata a kai, kuma na lura mutane da yawa gani suke ka cire wannan ka ɗora wancan shi kenan an gama, to wallahi injin shi ne mafi sauƙi a duk aikin, ƙananan abubuwan da ke kewaye da shi su ne ke cin lokaci da kuɗi.

Abin da ya sa aikin ya yiwu a gida shi ne ita motar. Golf 3 tun daga kamfani an yi ta da injin fetur an kuma yi ta da na dizal, tun fitowarta a 1991, don haka wajen zaman injin ɗaya ne, ba sai an kira mai walda ya yanke ko ya ƙara ƙarfe ba. Wanda ya ce zai cusa injin dizal a motar da ba a taɓa yin ta da dizal ba, wannan wani aikin ne daban kuma ni ban ba shi shawara ya fara a gida ba, don a wajen haɗa injin da giyabos kaɗai zai gaji.

Injinan dizal na Golf 3 da za ka fi cin karo da su guda uku ne kuma duk 1.9 ne. Akwai 1Y wanda ba shi da turbo, ƙarfin doki 64, akwai AAZ mai turbo ƙarfin doki 75, sai 1Z wato TDI mai ƙarfin doki 90. Kowa idonsa kan TDI yake tafiya saboda ya fi gudu ya kuma fi rashin shan mai, amma shi kwamfuta ke sarrafa famfonsa mai tura mai cikin injin, totur ɗinsa ma ba waya ba ce ta ƙarfe, na lantarki ne, kenan sai ka nemo kwamfutar da duk wayarin ɗinta da fedar totur, ga giyabos ɗinsa daban ne kulocinsa na mai ne ba na waya ba, wasu kuma suna zuwa da tsaron makulli wanda in babu makullinsu na asali ba za su tashi ba. Mu 1Y muka ɗauka. Famfonsa Bosch ne na zallar ƙarfe, wayar wuta ɗaya yake buƙata ya tashi, kuma duk masu gyaran famfo da nozul sun san shi. Ba ya gudu, wannan gaskiya ce, in za ka wuce tirela sai ka yi lissafi tukuna, amma ba ya ba ka ciwon kai.

Shawarar da na fi so a riƙe ita ce kar ka sayi injin tsirara. In ka shiga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ka nemi wanda ya zo da kayansa gaba ɗaya, giyabos, kik, altaneta, gidan filtar mai, bututun salansa na farko, rilen hita (filogin da ke ɗumama cikin injin kafin ya tashi), in da hali ma rabin motar ta gaba. Kuma a tayar maka da shi da sanyinsa kana tsaye, ka taɓa shi da hannunka ka ji ba a riga an ɗumama shi kafin ka zo ba, domin tsohon injin dizal da ya gaji in ya yi zafi tashi yake lafiya lau, da safe ne asirinsa ke tonuwa. Ka buɗe murfin baƙin mai yana aiki ka ga ko yana busa hayaƙi da ƙarfi.

Maganar giyabos kar a raina ta. Wani na fetur ɗin zai ɗauru a jikin 1Y, amma an yi shi ne don injin da ke juyawa har kusan 6,000 a minti, shi kuma dizal yana wuce 4,500 ya gama abin da zai yi. In ka bar na fetur za ka hau titin Zariya ka sa giya ta biyar injin na ta ihu motar ba ta tafiya, kuma man da ka yi aikin don ka rage sha sai ya tafi a banza.

Ɗaga injin mun yi shi da cen bulok da muka ara aka rataya a ƙarfe mai ƙafa uku. Don Allah kar wanda ya rataya injin a reshen bishiya ko ya shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai, injin dizal ya fi na fetur nauyi sosai. Saboda nauyin nan ma sai da muka canza sifirin ɗin gaba, in ba haka ba gaban motar zai zauna kuma shokazoba ba za su daɗe ba.

Sai birki, kuma nan ne wajen da ya fi ba ni tsoro idan na ji wani zai yi aikin nan ba tare da ya sani ba. Injin fetur shi ke zuƙo iskar da ke sa birki ya yi laushi, dizal ba ya yin haka, shi ya sa aka sa masa wani ƙaramin famfon zuƙar iska a daidai inda distirbita take zama a na fetur. Dole ka tabbata famfon yana ja kuma ka haɗa tiyonsa zuwa tukunyar birki babu inda yake shan iska, in ba haka ba za ka taka birki ka ji shi kamar dutse.

Ɓangaren mai kuwa tanki muka sauke muka wanke tas, muka cire famfon lantarkin da ke ciki don famfon dizal da kansa yake jan mansa, muka tabbatar layin da ke mayar da ragowar mai tanki a buɗe yake. Bakin tankin na fetur ƙarami ne, kan famfon dizal na gidan mai ba ya shiga sai an cire abin da ya matse shi. Filta kuma ka sa mai kyau wadda ke tare ruwa a ƙasa kana zubarwa lokaci lokaci, ka kuma guji man bumburutu, dizal ɗin da aka gauraya da kalanzir ba shi da santsi kuma shi man ne ke shafe cikin famfon, in ya lalace gyaransa ba arha ba. Mun kuma rubuta DIZAL da fenti a murfin tanki, saboda yaran gidan mai sun saba duk Golf fetur take sha, kafin ka fito daga mota an fara zuba maka.

Wuta ba ta da yawa. Wayar da a da take kai wuta koyil ita muka kai kan solanoid ɗin famfo, wato abin da ke buɗe wa mai hanya, in ka kashe makulli ta yanke mai injin ya mutu. Hita guda huɗu suna son waya mai kauri da rile da babban fiyus nasu, kuma batir sai babba, domin matsin da ke cikin silinda ya haura ninki 22 alhali na fetur 9 zuwa 10 ne, ƙaramin batir ba zai juya shi da sanyin hunturu ba. Abu ɗaya da ba mu taɓa da kanmu ba shi ne saitin famfo, wannan da agogon awo ake yin sa, mai sana'ar muka kira ya zo har gida. Taimin belt kuma sabo muka sa tun injin yana ƙasa, don a injin nan in ya tsinke fistin da bawul haɗuwa suke.

To an samu sauƙi? A doguwar hanya sosai ma, muna samun wajen lita 5 zuwa 6 a kilomita 100, da kuwa 8 zuwa 9 take sha. Amma a Najeriya litar dizal ta daɗe tana sama da ta fetur a farashi, don haka ribar ba ta kai yadda lissafin lita ke nunawa ba, kuma sai ka cire kuɗin injin da kayan da ka saya. Ƙanina kullum yana hanyar Kano zuwa Katsina shi ya sa abin ya yi mana daidai. Wanda zirga-zirgarsa daga gida zuwa kasuwa ce a cikin gari, ni dai da zai ji tawa ya bar injin fetur ɗinsa, in akwai inda ake sayar da CNG kusa da shi ya sa tukunya, don injin fetur ne ke karɓar wannan cikin sauƙi, ranar da ka koma dizal ka rufe wa kanka wannan ƙofar. Ga ƙara da jijjiga in tana tsaye, iyali sai sun saba.

Lambar injin tana cikin takardun mota, don haka ka karɓi rasit a wajen wanda ya sayar maka da lambar a rubuce a jiki, ka je ofishin lasin a gyara takardun su nuna sabon injin da irin man da take sha kafin ka fara fita da ita doguwar tafiya.