Kaduna ko Abuja: yadda alkawarin baki ya raba mini gida biyu

Tun da sunayen waɗanda aka yi wa canjin wurin aiki suka fito wayata ba ta huta ba. 'Yan'uwanmu na rassa da aka kira hedikwata tambaya ɗaya suke yi: a kwaso iyali zuwa Abuja ne, ko a ajiye su a Kaduna a riƙa zuwa ana dawowa? Da yake ƙarshen watan nan zan miƙa makullan ofis in kama gabana, gara in ba da amsar sau ɗaya kowa ya ɗauki abin da zai amfane shi. Ba zan kama sunan kowa ba. Waɗanda muka zauna a bene na biyu sun san wanda nake nufi.

A 2021 aka ɗauko ni daga reshenmu na Funtuwa. Ƙarin girma ne, albashi ya ɗan motsa, amma ba motsin da zai kama gida a Wuse ko Gwarimpa ba. Mai matsayi irin namu in ya ce a Abuja yake zaune, to Kubwa yake nufi, ko Lugbe, ko Dei-Dei. In aljihu ya ƙara yin ƙasa sai ya tsallaka iyaka, Mararaba da Masaka a jihar Nasarawa, ko Madalla da Suleja a jihar Neja. Duk na zaga su da dillalai. Kuɗin da zai kama maka gida mai ɗaki uku da tsakar gida da rijiya a Kinkinau ko Rigasa cikin Kaduna, a Kubwa ɗaki biyu zai ba ka a saman bene, babu wurin shanya, ruwa kuma sai na 'yan ga-ruwa. Mai gida yana son kuɗin shekara cif, wani ma shekara biyu, ga na dillali, ga na lauya, ga wanda suke cewa na ajiya ne saboda ɓarna, wanda har yau ban ga wanda aka mayar wa ba. A Mararaba haya da ɗan sauƙi, sai dai abin da ka rage a haya gosulon Nyanya zai karɓe shi da ranka. Ka fita yara suna barci, ka yi asuba a gefen titi, ka dawo bayan isha'i sun sake barci.

Kaduna kuwa komai nata kira yake. Yayar matata tana Tudun Wada. Islamiyya a kowane lungu, cefane a Bakin Dogo, kuɗin makarantar boko wanda mutum zai iya biya bai ci bashi ba. In an yi rasuwa a gida, daga Kawo ka hau mota ta Zariya, a ranar za a gan ka a wurin zaman makoki. Sannan ga jirgin ƙasa. Tun watan Yulin 2016 yake jigila tsakanin Rigasa a Kaduna da Idu a Abuja, kilomita 186, a lokacin awa biyu da 'yan kai, yana kuma tsayawa a Kubwa. A farkon 2021 aka fara sayar da tikiti ta intanet, wahalar layi da 'yan bayan fage ta ragu sosai. Ma'aikata da yawa, na gwamnati da na kamfanoni, a kan wannan dogon suka gina zamansu.

Ba wai Kaduna tana cikin kwanciyar hankali ba ne a shekarar. A watan Maris aka kwashe ɗaliban kwalejin gandun daji ta Afaka, a Afrilu aka shiga jami'ar Greenfield da ke kan hanyar Abujar kanta. Matata ta kawo waɗannan duka, amma ba su ne ainihin hujjarta ba. Abin da ta ce shi ne, "Abban Ummi, ni ko ɗaki ɗaya ne a Mararaban, in dai a gida za ka riƙa kwana." Na ce mata kwana uku ne kawai a mako ba na nan, tunda na riga na gama magana da oga.

Na kuwa gama. Kafin in biya ko kwabo na shiga ofishinsa na shimfiɗa masa komai, da haya, da makaranta, da jirgi. Na ce, "Ranka ya daɗe, shawara na zo nema. In babu hali in sani tun yanzu, in nemi ɗaki a Kubwa mu matsu." Ya yi dariya ya ce, "Haba Malam, wannan har abin damuwa ne? Litinin zuwa Alhamis kana nan, Juma'a ka zauna a ofishinmu na Kaduna ka turo rahotonka. Ni ma ai iyalina suna Unguwar Rimi." Na yi godiya, na ɗan sunkuyar da kai na ce ko za a ɗan rubuta a sa a fayil. Ya ce, "Tsakanina da kai sai da takarda? Maganata ai ta fi takarda."

Duk wanda ya tashi a gidan Hausa ya san a nan zance ya ƙare. Mutum ya girme ka, yana gaba da kai a aiki, ya ce maganarsa ta isa, in ka sake cewa a rubuta to ka kira shi maƙaryaci ke nan a gaban idonsa. Shi ma ya san da haka. Daga baya na gane cewa da saninsa ya zaɓi kalmomin, domin ba ni kaɗai ya taɓa rufe wa baki da su ba.

Muka tare a Kaduna kafin a koma makaranta. Na haɗa kuɗi da wani abokin aiki muka kama ɗaki a Kubwa kusa da tasha. Jirgin farko ran Litinin, jirgin yamma ran Alhamis. Wata da watanni abin yana tafiya, ban taɓa makarar da rahoto ba, wannan kuma yana nan a rubuce ga mai son dubawa. Ko da aka dasa abin fashewa a kan dogo a watan Oktoban 2021, 'yan kwanaki aka yi jirgi ya dawo, muka ce Allah ya kiyaye gaba.

Ranar Litinin 28 ga Maris, 2022, da safe na bi dogon nan na shigo Abuja. Da daddare aka tare jirgin da ya taso daga Abuja a wajen Katari. Aka kashe aƙalla mutum takwas, aka shiga daji da sama da sittin. Kwana biyu kafin nan an kai hari filin jirgin saman Kaduna. Na ƙarshen waɗanda aka kama sai a watan Oktoba suka fito, jirgi kuma bai dawo aiki ba sai 5 ga Disamba. Wata takwas da 'yan kwanaki babu abin da ya rage mana sai titin mota, titin da sunan Rijana da Katari kaɗai ya isa ya sa direba ya kashe rediyo, ga shi kuma ana ta gyaransa, nan a rufe hannu ɗaya, can a karkatar da motoci.

A wannan halin na koma wurin oga. Ban nemi hutu ba, ban nemi ƙarin kuɗi ba. Cewa na yi a bar ni in yi mako biyu a jere a Abuja, sannan in yi 'yan kwanaki a ofishin Kaduna, don yawan hawa titin ya ragu. Ya ce zai duba. A taron Litinin na gaba, a gaban kowa har da yaran da ni nake koya wa aiki, ya ce wasu sun mayar da hedikwata masaukin baƙi. Kafin mako ya ƙare takardar tuhuma ta iso teburina, an lissafa kowace Juma'a tun ranar da na zo a matsayin fashin aiki. Ashe daga sama aka fara bin diddigin rajistar zuwa aiki, shi kuma yana buƙatar wanda zai nuna.

Na shiga na rufe ƙofa na ce, "Ranka ya daɗe, ai kai ka ce in riƙa yin Juma'a a Kaduna." Bai ko ɗago kai daga wayarsa ba. Ya ce, "Ni? Yaushe? Kawo takardar in gani."

Da ya ce mini, "Malam, na yi maka alkawari amma abin ya fi ƙarfina," wallahi da na haƙura, har in taya shi da addu'a. Shugaba yana da ikon janye rangwame in hali ya canza. Amma ya dubi mutumin da ya kwashe mata da 'ya'ya bisa maganarsa ya ce bai taɓa faɗa ba, wannan ban san sunan da zan ba shi ba wanda zai rubutu a nan. Shi kuwa kowace Alhamis da azahar motar kamfani da direba da ɗan sanda a gaba suke kai shi Unguwar Rimi, babu wanda ya ƙirga masa Juma'o'insa.

Bai tsaya nan ba. Wata biyu bayan haka na ga alawus ɗina na gida ya ragu. Akanta ya nuna mini takarda da sa hannun oga: tunda adireshin da ke fayil ɗina na Kaduna ne, a biya ni a kan ma'aunin reshe. Wato in za a ƙirga zuwa aiki ni ɗan hedikwata ne, in za a biya kuɗi ni ɗan Kaduna ne. Abin da ya fi ƙona mini rai sai daga baya na ji shi, daga bakin wata baiwar Allah a sashen kula da ma'aikata. Ashe dokar kamfani ta yarda ma'aikaci ya yi wasu ranaku a reshe mafi kusa da iyalinsa, akwai ma fom ɗinsa, shafi ɗaya, sa hannun shugaban sashe kawai yake buƙata. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Ranar da na roƙe shi a rubuta, fom ɗin yana cikin durowar da ya jingina gwiwarsa.

Abin da wannan ya jawo a gida ba zan faɗe shi duka ba. Haya an biya, kuɗin makaranta an biya, babu abin da zai ɗauke mu zuwa Abuja a tsakiyar shekara. Zuwa gida ya koma sai an ga hali. A cikin watannin nan aka yi mini haihuwa, mijin yayar matata ne ya kai ta asibiti da tsakar dare, shi ya yi wa yaron huɗuba. Matar da ta ce ko ɗaki ɗaya ne in dai zan kwana a gida, ita ce ta koma tana kira ran Juma'a tana cewa, "Abban Ummi, kada ka taho yau, an ce an tare hanya." Ko sau ɗaya ba ta taɓa ce mini ai na faɗa maka ba.

Na yi niyyar in hayar ta ƙare a 2023 mu tattara mu koma Kubwa ko da a matse ne. Sai ga ƙarancin takardun naira a farkon shekara, sai ga 29 ga Mayu aka ce tallafin mai ya tafi. Litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta koma 537 a Abuja, a watan Yuli ta kai 617. Kuɗin mota ya tashi, masu gidaje suka bi sahu, alawus ɗina kuwa yana nan a ma'aunin reshe. Abuja ta fi ƙarfina, zirga-zirga ma ta fi ƙarfina, ga tukunya biyu a kan wuta, ɗaya a Kaduna ɗaya a Kubwa.

Masu tambayata ko na yi nadamar zaɓen Kaduna, ban yi ba. Bisa abin da aka gaya mini a 2021 lissafina daidai yake, kuma ko yau aka ba ni bayanan nan haka zan sake yi. Kaduna ta riƙe mini iyali lokacin da ba na nan, da maƙwabta da dangi, abin da bene a Kubwa ba zai yi ba. Abokina da ya zaɓi Masaka kullum a gida yake kwana, amma 'yarsa ƙarama sai ran Asabar take ganinsa da rana, hawan jini kuma ya kama shi bai kai arba'in ba. Kowane gari da irin kuɗin da yake karɓa. Abin da ya rushe nawa tsarin mutum ɗaya ne.

Ga ku da za ku zo yanzu. In shugaba ya yi muku rangwame da baki, kada ku ce masa ya rubuta, ku ku rubuta. Kuna fita ku tura masa saƙon imel na godiya, "Ranka ya daɗe, na gode da amincewar da ka yi in riƙa yin Juma'a a reshe," ku sa sashen ma'aikata a kwafi. Babu wanda zai ce godiya rashin kunya ce. Ku nemi littafin dokokin aiki ku karanta da kanku, fom ɗin yana ciki. Ku tambayi akanta wane adireshi ne alawus yake bi kafin ku cike fayil. Kada ku biya hayar shekara biyu a garin da ba ku yi damina a cikinsa ba. Hanyar da za ku riƙa bi, ku gwada ta ran Litinin da asuba, ba ran Lahadi da dillali zai kai ku ba. Ku tare a dogon hutu saboda yara. Ku kuma tambayi kanku, in jirgi ya tsaya gobe wata takwas, wa zai kai matarku asibiti.

Ni dai na samu wani wuri a Kaduna. Albashin bai kai wannan ba, amma da ƙafa zan iya zuwa in mai ya gagara. Takardar miƙa aiki na rubuta ta shafi-shafi, har da adadin makullai da lambar kowace kwamfuta, na kai masa na tsaya a kansa har ya sa hannu a kowane shafi. Ya ce, "Malam, duk wannan na mene ne?" Na ce, "Ranka ya daɗe, don fayil ne." Cikon alawus ɗina na gida har yanzu yana kan teburinsa. Wasu sun ce in bar wa Allah. Na bar masa, amma na ajiye kwafi uku, ɗaya wurin akanta, ɗaya a sashen ma'aikata, ɗaya a wurina, kuma duk farkon wata zan riƙa turo saƙon tuni.