Daga abin da kunne ya tsinta zuwa labari

Abu na farko da aikin rubutun labari ke koya wa mutum shi ne kada ya yarda da ƙwaƙwalwarsa. Maganar da ka ji a Kasuwar Kara ta Sakkwato da hantsi, kafin la'asar ta rikiɗe ta koma irin taka. A ce dillali ya dubi mai saye ya ce, "Mi kaka so in ce ma? Wanga rago ba shi da aibi sai tsada." Ka bari sai dare, abin da zai zo maka shi ne "dillali ya yabi ragonsa", gishirin ya riga ya tafi. A rubuta nan take da Sakkwatancin yadda ya fito, a sa rana da wuri, da wanda ya faɗa wa wa. Layi uku sun isa.

Ɗan littafin aljihu ya fi waya amfani a nan, domin shi ba ruwansa da caji ko zafin Afrilu mai haura digiri 40. Wanda ya fi son waya ya tura wa kansa saƙon murya a WhatsApp, amma ya mayar da shi rubutu cikin makon, don saƙon murya hamsin ba sa laluɓuwa. Kuma a tsaya kan ƙa'idar rubutu ɗaya. Yau ka rubuta "ƙanwa", gobe "kanwa", ranar nema waya za ta ɓoye maka rabi, ga shi ɗaya mutum ce, ɗaya ta jiƙo.

Sau ɗaya a mako a zauna a tace. Kowane tunani a kwafe shi a warƙa guda, wato fallen takarda ɗaya, kada a haɗa biyu. Malamanmu na da ma ba sa ɗinke littafi, warƙoƙi ne a gafaka, sai su rubuta kalmar farkon shafi na gaba a ƙasan wanda ya gabace shi don kada jeri ya rikice. Dabarar tana aiki har yau: warƙa a sake ana iya matsar da ita gaba ko baya ba tare da an yaga komai ba. Sannan a yi wa kowace warƙa tambaya: wane ne, me yake so, wa ya tare masa hanya, me zai rasa in bai samu ba? Wadda ta kasa amsawa ba labari ba ce tukuna, kayan miya ce, a ajiye ta gefe.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne gida da lokaci. Labarin gida mai mata uku ba ya tafiya sai an zana jadawalin dangi: wa ta haifi wa, su wa ke 'yan ɗaki ɗaya, su wa ke 'yan uba, tazarar shekara nawa ce, girkin wa ne daren da rigima ta tashi. Sai kalanda a shafi ɗaya. Takaba wata 4 ce da kwana 10 ga wadda ba ta da ciki, don haka wadda mijinta ya rasu farkon Muharram ba a ɗaura mata aure a Rabi'ul Awwal, kuma mata masu karatu ba sa yafe irin wannan kuskure. Azumi yana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara, labarin da ya ci shekara goma ba zai riƙa samun azumi cikin hunturu kullum ba. Damina a Sakkwato kuwa kusan Yuni zuwa Satumba ce, kada ruwa ya tsare jarumi a hanyar Illela a watan Janairu.

Masu sakin labari shafi-shafi a waya su ne suka fi shan wahala, saboda abin da ya fita ba ya gyaruwa. Kada a saki shafin farko sai an rubuta ƙarshen labarin ko da a layi biyar ne, kuma akwai shafi goma a hannu, an tura kwafinsu imel.