Ranar da uwar garken asibiti ta ƙi tashi

Shagona yana Samaru, mu huɗu ne a ciki. Muna kula da kwamfutocin makarantu, da ƙananan asibitoci, da cibiyoyin da ake zana jarabawar JAMB. Gyaran kwamfutar cinya shi ne cefanen kullum, amma aikin da ke hana ni barci shi ne na uwar garke, wato kwamfutar nan guda da sauran duka ke jingina da ita.

Wata Litinin, ko gama azkar ɗin asuba ban yi ba, mai wani asibiti a Tudun Wada ya kira ni. "Malam, na'urarku ta mutu, ga marasa lafiya a layi, ba mu iya buɗe katin kowa." Na ce, "Likita, don Allah kada kowa ya taɓa ta. A ɗauki hoton allon a turo mini." Wannan ne roƙona na farko ga duk wanda ya kira. Na'urar da ta ƙi tashi yawanci tana faɗin inda ke mata ciwo, sai dai kafin ka iso an kashe an kunna sau goma.

A hoton, Ubuntu, babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar, ce ta tsaya tana cewa ta kasa kaiwa ga faifan ajiyarta. Yaron shagona da muka tafi tare ya ce faifan ne ya ƙone, a yi fomatin kawai, wato a goge komai a sake zubi. Na ce masa bayanan marasa lafiya na shekaru ne a ciki, ba a fara da wuƙa.

Ga abin da ya faru. Na'urar tana sauke sabuntawar tsaro da kanta, har da kenel, zuciyar manhajar da ake lodawa in an kunna. Kowace sabuwar kenel tana zuwa da wani ƙunshi mai suna initramfs, wanda ke ɗauke da direbobi, wato ƙananan manhajojin da za su buɗe faifan. Dukansu suna zama ne a wani ɗan ɗaki da ake kira /boot, shi kuwa wanda ya haɗa na'urar tun farko ƙaramin wuri ya yanka masa. Tsofaffi suka taru, wuri ya cika, sabon ƙunshin bai samu inda zai zauna ba. Ba wanda ya lura, domin na'ura tana ci gaba da tafiya a kan tsohuwar kenel muddin ba a kashe ta ba. Da na duba tarihin sabuntawar daga baya, kusan mako uku ke nan da yin ɓarnar. Daren Lahadi aka ɗauke wuta, batiran inbata suka ƙare, da safe aka ta da janareta, sai ciwon ya fito fili.

Gyaran bai kai rabin awa ba. Na kunna, na tsayar da ita a allon GRUB, manhajar da ke ta da kenel, na zaɓi kenel ɗin da ta gabata, ta tashi lafiya lau. Kafin komai na kwafe bayanan zuwa wani faifai na waje. Sannan na share tsofaffin kenel ban da wadda nake kai, na sake gina ƙunshin, na sabunta GRUB. Na kashe na kunna sau biyu a gaban Likita.

Ba kullum ake samun sauƙi haka ba. Wani lokaci GRUB ɗin ne kansa ya lalace, sai ka tashi na'urar daga filash ka shiga ka gyara. Wani lokaci layi ɗaya ne a fstab, fayil ɗin da ke lissafa faifan da za a buɗe, ke neman faifan da aka cire tuntuni. A lokacin hunturu kuma na sha samun ƙura ce ta sa ram, ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta, ba ya zama daidai, ko ɗan batirin nan CR2032 ya mutu saitin BIOS, wato saitin tushe na na'urar, ya koma na kamfani, alhali kowa na zagin sabuntawa. Su ma manya abin yana cin su: ranar 19 ga Yulin 2024, sabuntawar CrowdStrike, kamfanin tsaron kwamfuta, ta durƙusar da kwamfutocin Windows kimanin miliyan 8.5 a lissafin Microsoft, maganin kuwa share fayil ɗaya ne, amma sai an bi su ɗaya bayan ɗaya.

Wasu abokan sana'a sukan ce a toshe sabuntawa gaba ɗaya a huta. Ban yarda da wannan ba, domin na'urar da ke riƙe da sirrin marasa lafiya ba a barinta da ƙofa a buɗe. Yarjejeniyar da muka yi da Likita ita ce, Asabar ɗin farko ta kowane wata bayan la'asar, lokacin da layi ya ragu, ina zuwa da kaina. In kwafe bayanai, in duba ko /boot na da wuri, in tabbatar janareta na da mai, sannan in yi sabuntawar in sake kunnawa ina tsaye. Yaron nan da ya ce a yi fomatin, shi ke riƙe da filash ɗin yanzu, kuma watan jiya shi kaɗai na tura.