Na Koma Ɗakina da Ke Kan Tsani a Munastir

Wata 14 na yi ban sa ƙafa cikin jirgin ruwana ba. Lokacin da na bar shi a Munastir, a gaɓar tekun Tunisiya, cewa na yi wata biyu zan yi in dawo. Rashin lafiyar Inna ce ta kira ni Damagaram, jinya ta yi tsawo, har Allah ya karɓi abarsa. Sai a watan Maris na ɗaura jaka na kamo hanya.

Daga birnin Tunis na shiga luwaj, wato ƙananan motocin haya farare masu jan layi a jiki, waɗanda ba sa tashi sai mutum takwas sun cika. Tafiyar kilomita 160 ce ko kusa da haka, ta gefen Hammamat da Susa, gonakin zaitun dama da hagu. Gab da shiga gari muka wuce fadamun da ake haƙar gishiri, ga tsuntsayen nan masu dogon wuya da ƙafa, launinsu ja-ja, tsaye cikin ruwa. Ban kalle su sosai ba. Tunanina ɗaya ne: me zan tarar?

Filin gyaran jirage yana tashar masunta, kudu da gari. Tsohon da ke gadin ƙofa ya gane ni tun daga nesa. Na ce, “Aslama, ya ammi,” wato sannu kawu. Ya kama hannuna da hannu biyu, ya yi hamdala da na iso lafiya, sannan ya tambayi mahaifiyata, domin ya tuna dalilin tafiyata. Da na faɗa masa, sai ya ɗaga hannu muka yi mata addu'a a nan tsaye, cikin ƙarnin kifi da ƙarar injin walda.

Ga shi can a kusurwa, inda na bar shi. Jirgin filafilai ne mai tsawon mita 9, jikinsa na faiba, ya girme wasu ƙannena. Wanda bai taɓa ganin irinsa a tudu ba zai yi mamaki, domin a ƙarƙashinsa akwai wani faffaɗan ƙarfe mai nauyi da ke hana iska kifar da shi idan ta cika filafilai. A kan wannan ƙarfen yake tsaye, an tokare shi da sanduna ta kowane gefe, don haka bisansa ya kai mita uku daga ƙasa. Ba a shiga sai da tsani. Duk jikinsa ya yi ja da ƙura. Mutanen nan suna kiran iskar da ke kawo ta shahili, daga Sahara take tasowa. Na shafa yatsa na duba, irin ƙurar da muke sharewa a gida lokacin hunturu ce sak.

Da na zare allunan ƙofa, warin funfuna ya tare ni. Laifina ne, cikin gaggawar tafiya na toshe duk kafofin da iska ke bi. Katifa ta yi ɗigo-ɗigo baƙi, littattafai sun kumbura, batir biyu sun mutu murus, ruwan sama ya sulalo ta gindin jigo, wato doguwar sandar da ake ɗaura wa filafilai, ya taru a ƙasan daɓe. Amma kofin shayina yana rataye a ƙusarsa, darduma tana naɗe inda na ajiye, kalandar bango tana nan a Janairun bara, a ranar da ƙanwata ta bugo waya ta ce, “Yaya, ka taho.” Na zauna a bakin gado na daɗe ban taɓa komai ba.

Zama cikin jirgin da ke tudu ba kamar zama cikinsa a ruwa ba ne. Bayan gidan jirgi da ruwan teku yake aiki, saboda haka a nan ba ya amfani. Wurin wanke kwanuka kuwa bututunsa waje yake zubarwa, kan duk wanda ya bi ta ƙasa. Komai sai da bokiti: a hau da ruwa mai kyau, a sauko da na datti. Alwalar asuba sai na sauka tsani cikin duhu da sanyi, in taka har famfon da ke bakin katanga. Na koyi ɗaure tsanin da igiya daga sama, na kuma koyi jawo kaya da guga maimakon hawa da su a hannu. Idan iskar arewa ta taso da dare, jirgin ba ya lilo kamar yadda ya saba, karkarwa yake a kan sandunansa, igiyoyi na dukan jigo har gari ya waye. Abu ɗaya ya yi mini sauƙi, shi ne alƙibla. A teku, idan aka jefa anka, wato ƙarfen da ke riƙe jirgi a wuri ɗaya, jirgi juyawa yake da iska, kowace salla sai na duba kamfas. A nan kuwa sau ɗaya na duba, na sa alama da alli.

Kwana huɗu na farko wanki kawai na yi, da ruwan binega da tsumma, na shanya katifu a rana. Daga nan na koma ƙarƙashin jirgi. Aikin da ya fi cin rai shi ne goge tsohon fenti da sanfefa. Fentin gindin jirgi na musamman ne, akwai jan ƙarfe a cikinsa, shi ke hana ciyawar ruwa da ƙananan katantanwa mannewa. Ƙurarsa guba ce, dole a jiƙa wurin kafin a goge, a rufe hanci da ido. Na canza dunƙulen zinkin da ke kusa da farfela, wanda ake sawa don ruwan gishiri ya ci shi a maimakon ya ci farfelar. Sai famfunan da ke ratsa jikin jirgi, guda biyar, na kwance kowanne na sa masa giris. Waɗannan ba a yi musu aikin ganin ido. Ɗaya ya fashe a tsakiyar teku, to magana ta ƙare.

Maƙwabtana a filin wasu tsofaffin Faransawa ne, mata da miji, da suka yi shekaru suna yawo tsakanin Sisili da Malta da nan. Shi ya ara mini na'urar cajin batir, ita kuma duk yamma sai ta ƙwanƙwasa jikin jirgina da ɗan yatsa, domin haka ake sallama a wannan unguwa, ba a hawa tsanin mutum sai ya ce a hau. A ɗaya gefen kuma kafintoci ne ke gyaran manyan jiragen masunta na katako, suna cusa zare a tsakanin alluna da guduma. Da rana tare muke cin lablabi, romon wake ne mai zafi da ake zubawa kan gutsattsarin busasshen burodi, da barkonon harisa da man zaitun. Kuɗi kaɗan, ƙoshi har dare.

Ranar Juma'a nakan ajiye aiki in shiga gari. Bayan masallaci sai in zaga ribaɗi, tsohuwar ganuwar tsaron teku da Harsama ɗan A'ayan, gwamnan Haruna Rashid, ya gina a shekarar 796. Daga saman hasumiyarta ana hango kabarin Habib Burgiba mai ƙubbar zinariya, ɗan garin ne, a nan ya rasu a 2000. Amma inda na fi daɗewa shi ne maƙabartar da ke tsakaninsu, inda Imam Mazari yake kwance, babban malamin Malikiyya da ya rasu a 1141. Tun ina yaro nake jin sunansa a zauren malaminmu, ban taɓa zaton zan tsaya a kansa ba. A nan nake yi wa Inna addu'a, tunda nata kabarin ya yi mini nisa.

Kwana 23 na yi a kan tsanin. Na shafa fenti sau biyu, washegari injin ɗaga jirage ya zo, ya rungume shi da manyan ɗamaru biyu. Aka cire sandunan, na bi da buroshi na shafe wuraren da suka rufe. A hankali aka gangara da shi bakin ruwa, ina biye a ƙasa, hannuna a jikinsa. Da ya taɓa ruwa na roƙi direban kada ya saki ɗamarun tukuna. Na faɗa ciki da tocila, na ɗaga allunan daɓe, na bi famfunan nan biyar ɗaya bayan ɗaya ina shafawa da busasshen hannu. Babu ko ɗigo. Na murza makulli, injin ya yi tari sau biyu ya kama, ruwan sanyaya shi ya fara fita ta baya. Na leƙo na ɗaga wa direban hannu.

Da daddare na ɗaure a tashar da ke ƙarƙashin ribaɗi. Na dafa shayi, na ajiye kofin a tebur, sai na ga shayin yana ɗan karkata hagu da dama. Na miƙe na ciro tsohuwar kalandar daga bango, na sa ta cikin jakar da kayan Inna suke, sannan na buɗe taswirar hanyar tsibiran Kuriyat, inda nake son fara gwada filafilai idan iska ta kwanta jibi.