Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Sarewar Mutanen Ailan

Assalamu alaikum. Makon jiya mun tsaya a inda na bar Dablin na koma yammacin ƙasar Ailan, kuma da yawanku kun tambayi wace irin sarewa ce wannan da Kawu ya yi ta faɗa a kanta har Allah ya yi masa rasuwa. Shekarun aikin dare da suka biyo baya ba su da abin ba da labari, don haka na tsallake su. Yau sarewar za mu yi, dalla-dalla, saboda yaran gidanmu biyu da suka ce suna son koya, da kuma masu cewa wai Turai aka tura ni na koma bin shanu.

Ba irin sarewarmu ba ce da ake busawa ta baki a tsaye. Wannan a gicciye ake riƙe ta zuwa dama, ana busa ta wata ƙofa da ke gefe kusa da kai. Ta itace ce, ramukan yatsu shida, kuma cikinta yana tsukewa daga sama zuwa ƙasa. Ana harhaɗa ta ne: kai mai ƙofar busa, da wuyan ƙarfe mai zamewa wanda ake gyara sauti da shi, da jiki, da ƙafa. Yawancin masu kyau da baƙin itacen nan na Tanzaniya da Mozambik ake yin su, wanda can suke kira mpingo. Asalinta ma ba ta Ailan ba ce. Sarewar manyan makaɗan Landan ce a ƙarni na 19, irin ƙirar maƙeran nan Rudall da Rose da kuma samfurin Pratten. Da Theobald Boehm na Jamus ya fito da tasa mai maɓallai a 1847, sannu a hankali makaɗan birni suka watsar da tsofaffin, suka yi arha, suka faɗa hannun manoman Sligo da Roscommon da Leitrim. Har gobe waɗannan yankuna uku su ne gidan wannan busa. Malamina ma manomi ne daga Roscommon, mai shanu, yatsunsa duk kanta.

Ku ƙirga ramukan daga sama, 1 zuwa 6. Hagu ke rufe 1, 2, 3, dama ke rufe 4, 5, 6. Duka a rufe, sautin D ke nan (da haruffan boko ake sa wa sautuka suna), shi ne mafi ƙasa. Ɗaga 6 ka sami E, ƙara ɗaga 5 ka sami F mai kaifi, ƙara ɗaga 4 ka sami G. Rufe 1 da 2 kaɗai A, rufe 1 kaɗai B, duka a buɗe C mai kaifi. C na zalla kuwa sai ka buɗe 1 ka rufe 2 da 3. D na sama, buɗe 1 ka rufe sauran biyar. Iyakar abin ke nan, ana haddace shi a yini guda. Wahalar tana wurin leɓe da numfashi.

Mai koyo kan ji jiri a makonnin farko, ya ɗauka huhunsa ne ƙarami. Ba huhu ba ne, ƙofar da ya bari tsakanin leɓɓansa ce ta yi faɗi, rabin iskar na bin sama a banza. A cire kan sarewar shi kaɗai, a toshe bakinsa da tafin hannu, a tsaya gaban madubi minti goma kullum ana neman sauti mai kauri. Leɓen ƙasa ya rufe kamar kashi ɗaya cikin uku na ƙofar, iska ta nufi gefen da ke nesa, tana ɗan sunkuyawa ciki. In an harhaɗa, a ɗan murzo kan zuwa wajen mai busa har gefen nesa na ƙofar ya yi layi da tsakiyar ramukan yatsu. Wannan ne ke fito da D ɗin nan na ƙasa mai gurnani da mutanen can suke auna mai busa da shi. Idan D ya ƙi fita, kada a zargi sarewa tukuna: yawanci rami na 3 ko na 6 ne ke yoyo, domin yatsun da ke kansu su ne mafi rauni. A rufe da tsokar cikin yatsa, ba da tsini ba. Zuwa sautukan sama kuma ba da ƙarfin busa ake yi ba. A tsuke leɓe, iska ta yi siriri da sauri. Wanda ya tura da ƙarfi zai hau ɗin, amma sautinsa zai ɗara na kowa kaifi, kuma duk ɗakin za a ji.

Hajiya Babba, Allah ya jiƙanta, in ta ga ɗayanmu yana rawar jiki sai ta ce sauri ya haifi nawa. A wannan sana'a na ga ranar maganar.

Taken rawa iri-iri ne, amma biyu su ne ginshiƙi: jig da ril. Jig sauti shida ne a kowace gaɓa, uku-uku. In kuna son jin tafiyarsa ku yi ta faɗin “tattasai, tattasai”, na farko da nauyi, na tsakiya gajere. Ril takwas ne, huɗu-huɗu, “kwalekwale, kwalekwale”. Akwai jig mai tara, akwai folka da mutanen iyakar Kerry da Cork suka fi so, amma a bar su sai gaba. Yawancin take ɓangare biyu ne, kowanne gaɓa 8, kuma kowanne ana maimaita shi, jimla gaɓa 32. Ana zagaya take sau uku sannan a zarce cikin wani ba tsayawa, yawanci biyu ko uku a jere. Abin da ke sauƙaƙa hadda shi ne, sau da yawa gaɓa ta 5 da ta 6 maimaicin ta 1 da ta 2 ne, saboda haka sabon abin da ke cikin ɓangare bai kai yadda ake tsoro ba.

Da kunne ake koya. Malamina ba ya barin a taɓa sarewa sai an iya rera taken da baki tun daga farko har ƙarshe, ƙafa na bugawa. Daga nan gaɓa biyu-biyu: ya busa, a mayar masa. Ana iya rubuta haruffan a takarda don tuni, amma takarda ba ta nuna inda nauyi yake, kuma wanda ya koya daga ita kaɗai sautukansa kan fito duk tsawo ɗaya, ba mai iya taka rawa a kai. A saita na'urar ƙirga bugu a kan 60 a minti. A zaman kiɗa jig kan kai 110 zuwa 120, amma ba a ƙara sauri sai an zagaya take sau uku ba tuntuɓe, sannan a ƙara 5 kacal. Wanda ya yi tsalle daga 60 zuwa 100, yatsunsa za su haddace kuskuren tare da taken, kuma cire shi ya fi koyon sabo wuya. Nawar da Hajiya take nufi ke nan.

Sai numfashi, wanda shi ne ainihin abin da ya raba mai sarewa da mai goge. Waɗannan take ba su da wurin hutu ko ɗaya, domin ƙafar mai rawa ba ta jira. Dole ka saci numfashi, wato ka jefar da sauti ɗaya ka shaƙa a gurbinsa, ba tare da lokaci ya ƙaru ko da ƙiftawa ba. Ba a jefar da sautin da ƙafa ke sauka a kansa. A jig, na biyu ko na uku cikin ukun ake yarwa. A ril, wanda ke biye da bugu. Inda aka sami dogon sauti sai a gajarta shi. Kuma a shaƙa tun akwai saura, kamar kowace gaɓa uku ko huɗu ga mai koyo, don wanda ya jira iska ta ƙare zai yi dogon ja ya makara. A zagaye na biyu a sauya wurin shaƙar, kada kullum ta faɗo a ƙarshen gaɓa ta 4 da ta 8. Ku nemi faifan John McKenna na Leitrim, waɗanda ya ɗauka a New York a shekarun 1920 da 1930, ku ji yadda numfashin kansa ya zama kiɗa, yana tunkuɗa kowane bugu daga ciki. Matt Molloy na Roscommon kuwa dogon zango yake ja mai santsi. Kowa na son ya zama Molloy, amma ni a ganina McKenna ya kamata mai koyo ya fara sha.

Tunda na ambaci McKenna, bari in koma kan Kawu. Abin da ya riƙe shi ne, jikan limami ba ya zama maroƙi. McKenna ɗan kwana-kwana ne a New York. Francis O'Neill, wanda ya tara take 1,850 a littafinsa na 1903, mai busa sarewa ne kuma shi ne shugaban 'yan sandan Shikago daga 1901 zuwa 1905. A wannan kiɗa ba a wasa kowa, ba kirari, ba liƙi. Gaskiya ne yawancin zaman kiɗa a mashaya ake yi, kuma wannan ne ya fi ƙona masa rai, amma ƙungiyar Comhaltas da aka kafa a Mullingar a 1951 tana da rassa da ke koyarwa a ɗakunan taro da makarantu, da yara da tsofaffi, abin sha shayi. Can nake zuwa. Na rubuta masa haka, bai ba da amsa ba, sai saƙo ta bakin Yaya cewa busa dai busa ce. Har yau abin na ci mini rai, musamman da yake shi da kansa ya kira masu algaita ranar naɗinsa.

Kwalliya ita ce ta ƙarshe, ko da yake ita kowa ke gaggawar kaiwa. Ba a cika raba sautuka da harshe ba, da yatsa ake yi, iska na tafiya ba yankewa. Na farko shi ne yanka: kana kan sauti, ka ɗaga wani yatsa na sama ka mayar cikin ƙiftawa. Daga D zuwa G da rami na 3 ake yi, A da B kuma da rami na 1. Na biyu dangwala: ka bugi ramin farko da ke buɗe a ƙasa, yatsan ya yi tsalle ya dawo. In aka haɗa su sai a sami naɗi, wanda suke kira rol: sauti, yanka, dangwala, a tsawon sautuka uku daidai. Jig ɗin da ake fara koya wa kusan kowa, Kesh, da dogon G yake buɗewa, gaɓa ta biyu kuma da dogon A, don haka ya dace da gwaji. A sautin G: rufe 1, 2, 3, yanka da 3, dangwala a 4. A sautin A: yanka da 1, dangwala a 3. Abin da ke lalacewa iri biyu ne. Ko yatsa ya daɗe a sama har yankan ya zama sauti mai zaman kansa, ko a cusa yanka da dangwala gaba ɗaya a farko, naɗin ya dunƙule, bugun ya karkace. A ƙirga “tat-ta-sai”: sauti a “tat”, yanka a “ta”, dangwala a “sai”. D na ƙasa ba shi da ramin dangwala, shi ya sa aka aro dabarar masu abin busan nan mai jakar iska kamar salka, a jera yanka biyu ko uku da yatsu dabam-dabam. Wannan a bar shi sai shekara ta zagayo. Take ba kwalliya amma mai tafiya daidai ya fi wanda aka cika wa ado yana ɗingishi, kuma tsofaffin can ba sa ɓoye fuska in sun ji.

A zaman kiɗa, wanda ya tayar da take shi ke da saurinsa, ba a tura shi. Taken da ba ka sani ba, ka ɗora sarewa a cinya ka saurara. Akwai wani matashi mai banjo, wani abin kiɗa mai tsirkiya, da ya mayar da al'ada duk sanda mai koyo ya tayar da jig a hankali sai ya ja shi da gudu har ya faɗi. Na ga yara sun daina zuwa saboda shi. Bayan shekaru na sake jin sa a makarantar bazara ta Willie Clancy da ake yi a Miltown Malbay kowane Yuli tun 1973, yana nan da gudunsa, ba ko take ɗaya da ya zauna a hannunsa. Hajiya ba ta taɓa ganin banjo ba, amma ta san shi.

Ga yaran gida, ga abin da ya shafe ku kai tsaye. Kada ku sayi masu arhar nan da ake tallatawa a intanet da jan akwati, ramukansu ba a kan daidai suke ba, za ku yi ta zargin leɓenku a banza. Ku fara da ƙaramin usur na kwano mai sautin D, yatsunsa ɗaya ne da na sarewar, sannan ku nemi sarewar roba mai tauri daga hannun maƙerin kirki. Ta itace ba ta jure hunturunmu. Tana son danshin iska tsakanin kashi 45 zuwa 60 cikin ɗari, Kano kuwa a Janairu takan sauka ƙasa da 20. Itacen ya tsuke, ƙarfen da ke cikin kai bai tsuke ba, sai ya tsage. Haka tawa ta farko ta tafi, da na zo hutu ɗan Kawu ya fito da ita nuna wa abokansa ya bar ta a kan tabarma a tsakar gida, kuma har yau bai ce mini sannu ba. In dole sai ta itace, sabuwa ba a wuce minti 10 zuwa 15 a rana a makon farko, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. A tsane cikinta da ƙyalle bayan kowace busa, a warware ta, a ajiye a akwati cikin leda mai zif da ɗan soso mai laima wanda bai taɓa itacen ba. A shafa man almon kaɗan a ciki kamar sau ɗaya a wata, tana bushe, a goge rarar. Toshiyar da ke cikin kai kuma a bar ta kamar milimita 19 daga tsakiyar ƙofar busa, don in ta gusa sautukan sama da na ƙasa ba za su ƙara jituwa ba.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu zan koma baya, zuwa rabon gadon gidan Tudu da yadda aka yi da gonar Hajiya.