Daga Tawa zuwa bakin teku: hutunmu a Kwatano da Wida

A ƙasar Adar da wuya ka sami gidan da ba shi da ɗan bida a Abijan ko Lome ko Kwatano, amma idan ka tambayi wanda ya shekara goma a can yadda teku yake, sau da yawa zai ce maka yana jiyo rurinsa da dare, sai dai neman abinci bai bar shi ya je ya zauna a gabansa ba. Wannan ya daɗe yana damuna, shi ya sa da babban hutun makaranta na shekarar 2022 ya zo, na ɗauki maiɗakina da yaranmu muka nufi ƙasar Benin, ba don fatauci ko jinya ba, sai don mu buɗe ido kawai.

Hanyar sananniya ce ga duk wanda ya taɓa bin ta. Daga Tawa muka bi Ƙonni da Dogon Dutsi zuwa Doso, muka karkata kudu zuwa Gaya, muka haye gadar kogin Isa muka faɗa Malanbil, daga nan sai Kandi da Paraku har Kwatano. A lokacin iyaka tana buɗe, katin ɗan ƙasa da katin rigakafin shawara sun isa, kuma ba mu sha wahalar canji ba tunda sefa ɗaya muke kashewa da su. Abin da ya fi ɗaukar hankalin yara shi ne yadda ƙasa take sauya launi, daga jan dutse da ƙayar Adar zuwa gonakin auduga da doya, har aka kai inda bishiyoyin kwakwar manja suke rufe ido.

A unguwar Zongo muka sauka, gidan kawun maiɗakina wanda ya tsufa a harkar fitar da kaya daga tashar jiragen ruwa. Baƙon da ya zo daga Nijar ba ya jin baƙunta a Zongo, domin Hausa da Zabarmanci ake yi a bakin shaguna, ga masu tsire da masu shayi kamar a gida. Washegari da muka ce za mu bakin ruwa, tsohon ya kira ni gefe ya ce: "Malam, ka riƙe mini jikokina da hannu biyu. Wannan ruwa ba tabkin Tabalak ba ne, yana da ja daga ƙasa, kuma ba ya gargaɗi." Na amsa masa da "In sha Allahu, Kawu", kuma da na ga wurin da idona na gane dalilin maganarsa.

Ƴan kabu-kabun Kwatano masu rigunan ruwan ɗorawa, waɗanda ake kira zemijan, su suka kai mu gaɓar Fijirose. Watan Agusta ne, lokacin da ruwan sama yake ɗan tsagaitawa a kudancin ƙasar tsakanin damuna biyu, ga iska mai sanyi, teku kuwa yana cikin fushinsa. Igiyar ruwa takan taso ta fi tsayin mutum, ta karye da ƙara a kan rairayi, sannan ta koma tana zare yashin da ke ƙarƙashin ƙafarka har ka ji kana nitsewa a tsaye. Ƙaramar ƴarmu ta ɗanɗana ruwan da yatsa, ta yamutsa fuska, ta tambayi uwarta wane ne ya zuba gishiri mai yawa haka. Ba mu yi iyo ba, kuma ba na ba kowane ɗan Sahel shawarar ya gwada, domin hatta ƴan garin da suka tashi a bakin ruwa tsayawa suke yi inda bai wuce gwiwa ba.

Abin da na fi daɗewa ina kallo shi ne masunta. Da sassafe suke fita da dogon kwalekwale su zagaya da koma a cikin teku, su dawo da bakin igiyar gaɓa, sa'an nan maza su jeru a kanta suna ja da baya sannu a hankali, suna waƙa don ƙafafunsu su daidaita. Aikin yakan ɗauki awoyi, mata kuma suna zaune da manyan kwanoni suna jira. A ranar da muka tsaya, abin da komar ta fito da shi bai taka kara ya karya ba, ƙananan kifaye ne gauraye da ledoji da robobi, kuma na ga yadda fuskokinsu suka canza. Tun daga ranar ban ƙara ganin jefar da leda a kwata a matsayin ƙaramin abu ba.

Daga gaɓar ana hango manyan jiragen ruwa sun yi layi suna jiran shiga tasha. Kawu ya taɓa gaya mini cewa shinkafa da motoci da magungunan da muke gani a kasuwannin Tawa da Yamai, kaso mai yawa daga cikinsu ta nan suke sauka a lokacin, kafin manyan motoci su ɗauke su tafiyar da ta kai kilomita dubu. Ƙasarmu ba ta da teku, amma rayuwarmu tana rataye da shi, kuma mun ji hakan a jikinmu bayan rufe iyakar da aka yi a 2023.

Mun leƙa kasuwar Dantokpa, mun ɗauki hoto a gaban gunkin jarumar tsohuwar masarautar Dahome mai tsayin mita 30 da aka ƙaddamar a ƙarshen watan Yuli na shekarar, mun kuma shiga kwalekwale daga Kalabi zuwa Ganvie, garin da aka gina bisa turaku a cikin tabkin Nokuwe, inda kakannin mazaunansa suka fake daga masu farautar bayi.

Wida ce ta fi tsaya mini a rai, kuma saboda ita nake wannan rubutu. Garin yana yamma da Kwatano da kusan kilomita 40. Sarkin Dahome Agaja ya ci shi da yaƙi a 1727, ya zama babbar tashar fitar da bayi ta masarautar, kuma ganuwar da Turawan Fotugal suka gina a 1721 ta ci gaba da zama a hannunsu har 1961, bayan ƙasar ta samu ƴancin kai. Daga dandalin Shasha, inda ake cinikin mutane a da, akwai hanya ta kusan kilomita 4 da ta ratsa fadama ta ɓulle bakin teku. A ƙafa muka bi ta da gangan, rana tana dukanmu, yara suna ƙorafin gajiya, ni kuwa ina tunanin waɗanda suka bi ta ɗaure da mari. A ƙarshenta aka gina Ƙofar da Ba a Dawowa a 1995 tare da hukumar UNESCO, an zana layukan mutane ɗaurarru a samanta suna fuskantar jirgi.

Da yawa daga cikinmu muna ɗaukar wannan tarihi kamar na mutanen kurmi ne kaɗai, alhali ba haka ba ne. A farkon ƙarni na 19, yaƙe-yaƙen ƙasar Hausa sun jefa mutane da dama cikin bauta, aka yi ta sayar da su hannu zuwa hannu har gaɓar teku, aka tsallaka da su Bahiya ta ƙasar Barazil. A can Hausawa suka shirya tawaye a 1807, kuma suna cikin Musulmin da suka yi boren 1835 a birnin Salbado, inda aka sami layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kama. Na tara yarana a gindin ƙofar na faɗa musu wannan, muka ɗaga hannu muka yi wa mutanen addu'a, mai yi mana jagora yana tsaye gefe yana jira cikin ladabi.

Ina koyarwa a makaranta shekara da shekaru, na sha rubuta cinikin bayi a kan allo, amma ɗana na fari bai taɓa yi mini tambayoyi a kai ba sai a motar komawa Kwatano, inda ya so ya san ko akwai ƴan Adar a cikinsu, da kuma harshen da jikokinsu suke yi a yau. Na yi masa alkawari cewa idan Allah ya ba mu iko, tafiyarmu ta gaba Gana ce, mu ga ganuwar Elmina da ta Kef Kos, mu kuma gaida dangi a zangon Kumasi.